Godiya ga masu shagon da suka haɗa mana wayfai a hostel

Assalamu alaikum. Wannan saƙo nawa zuwa ga masu shagon kayan intanet ɗin nan ne na kan titin Gwarzo a Kano, tsakanin Rijiyar Zaki da Rimin Gata, Malam mai shagon da kuma musamman Antin da ke aiki a wajensa. Na yi mata godiya baki da baki amma wallahi ban ji ta ishe ni ba, shi ya sa na ce bari na rubuta a fili kowa ya gani. Sunanta dai ta roƙe ni kar na sa, to na bari.

Mu huɗu ne a ɗaki, a wani hostel na mata na kuɗi da ke wajen makaranta. Mai gidan ya jawo intanet tun kafin mu tare, wayoyi sun taso daga ɗakin mai kula da gida sun shiga kowane ɗaki, akwai soket ɗinsa a bango, kuma kuɗin yana cikin kuɗin haya. To amma fa soket ɗaya ne, mu kuma wayar hannu ba ta da inda za a soka kebul, laftof ɗina ma irin siraran nan ne da ba su da ramin. Sai ya zama ga intanet a bango mun biya kuɗinsa, ga mu kuma muna ta sayen data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025 kowa ya san yadda data ta koma, ni kuma ina aji huɗu ina rubuta furojet, kullum cikin sauke takardu nake, ga malaminmu wani lokaci ta Zoom yake duba mu. Akwai daren da na zauna na lissafa abin da na kashe a wata ɗaya sai da na yi hawaye, don kuɗin daga hannun mahaifiyata suke fitowa kuma na san yadda take samo su.

Sai muka yi karo-karo muka sayi rauta, wato na'urar da ke watsa wayfai, a wani shago cikin gari. Na tambayi mai shagon yadda ake haɗawa, ko ɗago kai bai yi ba ya ce ku soka kawai zai yi. Muka dawo muka soka, fitilu suka kama, sunan wayfai ya fito a waya, murna kamar me. Ba a yi awa ɗaya ba aka fara buga ƙofofi, wai intanet ɗin gidan duk ya ɗauke, ɗaki bayan ɗaki. Mai kula da gida ya bi ya gano daga wajenmu ne, ya zo ya cire kebul ɗin a gaban mutane yana faɗa wai mun lalata wa Alhaji kaya, duk wadda ta wuce sai ta kalle mu. Sati biyu rautar tana cikin kwalinta a ƙarƙashin gado ba mai son ko taɓa ta.

Aka ba mu lambar wani mai gyara. Sau uku yana cewa ga shi nan a hanya, ranar da ya zo kuma da yake maza ba sa shiga sai da rakiya, sai da muka nemo mai kula da gida. Abin da ya fi ƙona min rai, ni na kira shi, ni zan biya shi, amma duk bayaninsa mai kula da gidan yake yi wa, in na yi tambaya sai ya ce Hajiya ba za ki gane ba. Minti goma ya ce rautar ta ƙone, yana da wata a shagonsa mai eriya huɗu, ya karɓi kuɗin dubawa ya tafi. Rautar da ko wata ɗaya ba ta yi ba!

Wata ƙawata ce ta ce na gwada shagonku, Malam. Gaskiya da sanyin jiki na je, da rautar a leda. Kai ka fara ba ni kujera ka ce na faɗi abin da ya faru daga farko, kuma ka saurara har na kai aya ba ka katse ni ba. Ka jona ta a wuta a nan kan tebur ka ce 'yata wannan lafiyarta ƙalau, kar ki sayi komai tukuna. Ga rautoci sababbi jere a bayanka, da ka ce na saya da na saya. Da ka ji hostel ɗin mata ne sai ka ce to ga wadda za ta je.

Anti ta zo washegari bayan azahar kamar yadda ta ce, a adaidaita sahu, da 'yar jakarta. Kafin ta shigo ɗakinmu sai da ta je wajen mai kula da gida ta gaishe shi, ta ce Baba ina so na ga inda wayoyin suka taso, kuma ba zan taɓa komai ba sai da izininka. Mutumin da ya yi sati biyu ba ya amsa gaisuwarmu da kyau sai ga shi yana buɗe mata ɗaki da kansa.

Ta zauna a kan darduma ta ce mu matso duka mu gani. Ta juya bayan rautar ta nuna mana ramuka, guda ɗaya shuɗi, sauran huɗu kala daban, ta ce a wanne kuka soka? Muka nuna ɗaya daga cikin huɗun. Ta ce to nan ne matsalar kuma ba laifinku ba ne tunda ba wanda ya gaya muku. Wai kowace na'ura in ta hau intanet sai an ba ta lamba, kuma akwai babbar na'urar gidan da ke rabon lambobin, to ita ma rautarmu daga kamfani a saite take ta raba nata, da muka soka a wancan ramin sai ta shiga raba wa duk gidan lambobin da ba sa kaiwa ko'ina. Ta ce kamar a ɗakin jarrabawa ne a samu mutum biyu kowa yana raba lambar kujera, ai sai rigima. Wallahi a take na gane, ni da aka ce ba zan gane ba.

Sai ta ciro wata 'yar na'ura mai fitilu takwas ta gwada kebul ɗin da aka haɗo mana da shi a wancan shagon, fitilu suna kamawa ɗaya bayan ɗaya, aka zo kan ta uku ta ƙi. Ta yanke kan, ta fere robar, ga siraran wayoyi takwas a murɗe bibbiyu, ta ɗauki ɗaya ta kankare da reza ta miƙo min ta ce duba. Sama ja kamar tagulla, ciki fari fat. Ta ce alminiyon ne aka shafa wa tagulla a kai, shi ya sa yake karyewa a cikin kan, in za ki sayi kebul ki ce a kankare miki ki gani. Ta yanko mita biyu daga nata, ta jera wayoyin a tsakanin yatsunta kala bayan kala, ta matse sabon kai, fitilu takwas suka kama reras. Har yanzu guntun wayar nan yana cikin jakata, duk wadda ta ce za ta sayi kebul sai na nuna mata.

Sauran aikin bai ɗauke ta lokaci ba. Ta kashe wa rautar rabon lamba ta bar ta tana watsa sabis kawai, ta canza kalmar sirrin da ta zo da ita, ta sa ni na rubuta sabuwa da hannuna ta kawar da kai. Ta nuna mana a wayarta yadda wayfai na maƙwabta suka cunkushe a tasha ɗaya, ta ce wayfai zango biyu gare shi, 2.4 da 5, a 2.4 tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, ta zaɓi wadda ba cunkoso, 5 kuma ya fi sauri amma ba ya ratsa bangon bulo sosai. Mu a ƙasa muka so ajiye ta bayan akwati, ta ce a'a, saman wadrob. Da aka kira la'asar ta ari sallayata ta yi salla sannan ta ƙarasa.

Abin da ya ƙara min ganin girmanta shi ne da ta ce kar mu yi zaton rauta za ta ƙara mana gudu, iya abin da Alhaji ya saya shi ake rabawa, bayan isha'i in kowa ya hau kallo dole ya yi nauyi, masu sauke manyan abubuwa su yi da asuba. Kuma haka muka gani. Na tambaye ta ko mu sayi ɗan batirin nan na rauta saboda ɗauke wuta, ta ce tunda ta ga kayan gidan suna kan sola kuma layin solar ya zo ɗakinmu, mu riƙe kuɗinmu. Kuɗin kebul da na aiki kawai ta karɓa, ta rubuta mana rasit. Bayan kwana uku ita ta kira ni da kanta wai yaya sabis.

Ni abin da nake ta tunani, me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki a garin nan? Ka kai waya gyara a cire maka abu mai kyau a sa tsoho, ka kai janareto a ce komai ya mutu, mai wayarin ya zo ya bar maka waya tsirara a bango ya kashe wayarsa. In mace ce kuma ɗaliba abin ya fi muni, tun daga ƙofa an gama yanke miki farashi kuma an gama yanke cewa ba ki san komai ba, in kin yi tambaya a ce kin cika surutu. Da yawansu ba rashin iya aikin ba ne, so suke ki zauna cikin duhu don ki sake dawowa. Mutum nawa aka sa suka zubar da rauta mai lafiya saboda kan kebul ɗaya? A hostel ɗinmu kaɗai na san ɗaki biyu da suka haƙura da soket ɗin gaba ɗaya tun bara saboda irin abin da ya same mu.

Malam, Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya ƙara buɗi, ya raya zuri'a. Anti, Allah ya saka miki da mafificin alheri, ya jiƙan magabata, yadda kika rufa mana asiri ke ma Allah ya rufa miki. Na kare babi na uku na furojet ɗina ta Zoom daga kan katifata ba tare da ya yanke ko sau ɗaya ba. Baba mai kula da gida ma ya ce a gaishe ki, kuma 'yan ɗakunan sama su uku sun haɗa kuɗinsu, suna nan tafe shagon ranar Asabar in sha Allahu.