Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Karatun Asibiti: Baɗiniyya (Sashen Cututtukan Cikin Jiki) da Rassanta

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa mambobi, yayyenmu da ke imtiyaz (horon sabon likita bayan kammala karatu), da ƙannenmu da suka fara taka ambar (ɗakin kwantar da majinyata) a bana, ga bayanin abin da kwamiti ya yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta nasa dabam ranar taro.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 karatun asibiti bai koma daidai ba. Waɗanda suka bar Kartum suka fake a Wad Madani sun sake ɗaure kaya a Disambar 2023, kuma har yau mambobinmu a warwatse suke tsakanin Gadarif, Kassala da Fot Sudan, da yawa suna zagayen baɗiniyya a asibitin da ba na jami'arsu ba. Shi ya sa aikinmu na farko ya zama na takarda. Ɗalibi zai yi makonni yana bin murur (zagayen duba majinyata), yana kwana nabatshiyya (aikin dare), ya kai littafin sa hannu a ce ba a karɓa ba, don na'ib (likitan da ke ƙarƙashin babban likita) kaɗai ya sa hannu, ko babu kwanan wata, ko babu hatimin sashe. Abin da muka tsayar shi ne: kada kowa ya fara zagaye sai da wasiƙar kwalejinsa a hannu, a riƙa neman sa hannu mako-mako da kwanan wata, babban likita ya buga hatimi ranar ƙarshe kafin a bar garin, a kuma ɗauki hoton kowane shafi a ajiye a wuri biyu. 'Yan'uwan da za su koma Nijeriya su fi kowa kula, tun da akwai jarrabawar Majalisar Likitoci a gabansu, kuma takardu ake fara dubawa.

Sauran ƙarfinmu a gefen gado muka zuba shi. Inda gwaje-gwaje ke wuya, wuta ke yankewa, kuɗin awo kuma daga aljihun murafiƙ (mai jinya) yake fita, kunne da hannu su ne jarin ɗalibi.

Mun fara da ɗaukar tarihin ciwo da Hausa, saboda majinyata masu jin Hausa ba su yankewa a gabashin ƙasar nan, musamman daga ƙauyukan bakin kogin Rahad da masu aikin gonakin riɗi da dawa. Duk wanda aka san yana jin yaren, shi ake kira ya yi tafinta, kuma a nan ake tafka kuskure. Idan baba ya ce zuciyarsa na tashi, amai yake ji. Mai fassara da gaggawa zai ce wa likita "galb", wato zuciya, a tura tsoho awon bugun zuciya a banza. "Ciwon zuciya" a bakin mutane yana iya zama ƙuna a saman ciki, yana iya zama baƙin ciki. "Sanyi" da "basir" kuwa buhu ne, kowa da abin da ya zuba a ciki. Mun koya wa ƙannenmu kada su fassara kalmar, su ce "Baba, nuna mini wurin da yatsa ɗaya", su faɗi abin da suka gani. Haka batun lokaci. "Kwana biyu" a Hausa tana iya zama wata biyu, don haka a ɗaure tambayar da abin da ba a mantawa: kafin yankan riɗi ne ko bayansa, kafin Sallah ko bayanta, kasuwa nawa ta ci tun da zazzabin ya fara.

Daga nan sai lalubar saifa, wadda muka maimaita fiye da komai. Sabon ɗalibi yakan ɗora hannu ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ya ce babu komai, alhali hannunsa a bisa saifar yake, bakinta ya wuce cibiya. A fara daga ƙasan mara ta dama, majinyaci na kwance ya saki ciki, a ce ya ja numfashi ta baki, a tsayar da yatsu su jira bakin saifar ya zo ya same su, sannan a matsa sama kaɗan-kaɗan zuwa hagu. Abin da ke raba ta da ƙodar da ta kumbura: tana da ɗan tsagi a bakinta, yatsa ba ya shiga tsakaninta da haƙarƙari, kuma in an ƙwanƙwasa sauti a toshe yake. A auna da santimita daga gefen haƙarƙari a rubuta, don da wannan lambar za a san ko magani na ci.

Zazzabi da babbar saifa a Gadarif ba ya wuce tunani uku da farko: maleriya, kalazar, da bilharziyar hanji. Tarkon da aka fi faɗawa shi ne gwajin maleriya ya nuna akwai, a ba da magani a rufe fayil. Mutum na iya ɗauke da biyun. Zazzabin da ya haura mako biyu, da rama, da ƙarancin jini, wanda bai sauka da maganin maleriya ba, a nemi kalazar. A tambayi inda ya yi ƙarshen rani, domin ƙudan da ke yaɗa ta yana zama ne a dajin ɗalha da aduwa da baƙar ƙasa mai tsagewa, ciwon kuma sai bayan watanni yake fitowa. Gwajin gaggawa na rK39 ba ya kama kowa a Gabashin Afirka kamar yadda yake yi a Indiya, saboda haka in ya ce babu alhali alamu sun cika, a je ga gwajin DAT ko a zuƙi kaluluwa a duba. Maganin farko shi ne Pentostam miligiram 20 a kowane kilo haɗe da faromomaisin miligiram 15 a kowane kilo, kullum, kwana 17. Pentostam yana taɓa bugun zuciya da fankiriyas, gaɓar ciki mai sarrafa suga, shi ya sa mai juna biyu, da tsoho, da mai ƙanjamau, da wanda jikinsa ya yi tsanani ake ba su AmBisome. Kafin sallama a gaya wa iyali cewa ƙuraje na iya fesowa a fuska cikin watanni shida bayan warkewa. Ba kuturta ba ce, su dawo asibiti, kada su nufi wajen mai tsaga.

Haɗa allurar atesunet ta maleriya mai tsanani mun mai da shi aikin hannu da kwalaben da aka riga aka yi amfani da su. Babba yana karɓar miligiram 2.4 a kowane kilo, nan take, da bayan awa 12, da bayan awa 24, sannan sau ɗaya a rana har ya iya haɗiya. Kwalba mai miligiram 60 ana zuba mata mililita 1 na ruwan bikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har garin ya narke ruwan ya washe, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri. Kowane mililita ya zama miligiram 10. Mai kilo 60 yana buƙatar miligiram 144, wato sai an fasa kwalba uku. Mai gaggawa yakan zuba ruwan gishirin tun garin bai narke ba, ya sami abu fari-fari, wanda zubarwa ake yi. Ana tura ta a hankali ta jijiya, ba a cikin ledar ƙarin ruwa ba, kuma wadda aka haɗa ba ta jiran allura ta gaba. Ko majinyaci ya farfaɗo da wuri sai ya cika ukun farko, ya bi da cikakken Coartem na kwana uku. Duk wanda aka kawo a sume a duba sugansa kafin komai, balle in an sa masa kwinin a wani wuri.

Bilharziyar hanji ta fi zuwa mana daga Jazira da Sabuwar Halfa da sauran gonakin noman rani. Manomi ne ƙaƙƙarfa, ido ba shawara, gwajin hanta kusan lafiya lau, sai ga aman jini cikin kwano. Ƙwayayen tsutsar ne suka sa jijiyar da ke kai jini hanta ta taurare, jinin ya koma ya kumbura jijiyoyin maƙoshi. A nabatshiyya abin da ake so ga ɗalibi shi ne manyan kanula biyu, a ɗauki jinin gwajin dacewa tun a hawadis (sashen gaggawa), a sanar da na'ib nan take. Ba a cika shi da jini fiye da kima, don hakan na iya sake fasa jijiyar. Firazikwantel miligiram 40 a kowane kilo yana kashe tsutsa, amma ba ya hana aman jini na gaba. Wannan aikin ɗaure jijiyoyin ne ta na'urar leƙa ciki, da furofuranolol.

A ɓangaren zuciya mun tsaya kan cutar da ke bin ciwon maƙogwaron yarinta ta lalata ƙofofin zuciya. Ƙarar matsewar ƙofar hagu ba ta jiyuwa in majinyaci na rigingine. A juya shi gefen hagu, a ɗora ƙaramin bakin samma'a (na'urar sauraron ƙirji) a hankali inda zuciya ke bugun ƙirji, ya fitar da numfashi ya riƙe. In aka danna da ƙarfi sautin ya ɓace. Allurar benzatin fenisilin, raka'a miliyan 1.2 duk mako uku zuwa huɗu, ita ce tambayar da ɗalibai suka fi mantawa, ga shi gudun hijira ya yanke wa mutane da yawa ita.

Ciwon suga mun yi masa zama na musamman kafin azumi. Wanda sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya karya azumi, kuma a faɗa masa haka a gaban iyalinsa. Inda babu firji, a sa kwalbar insulin a ƙaramin mazubi mai murfi a ajiye a sanyin zir, wato randa, kada ruwa ya taɓa bakinta. Ga wanda ya zo da numfashi mai zurfi da bushewar jiki, ruwa ake farawa da shi, kuma in fotasiyam ya gaza 3.5 sai an gyara shi kafin insulin, in ba haka ba zuciya na iya tsayawa.

Kwalarar da aka ayyana a watan Agustan 2024 ta tilasta mana ƙara darasin da ba ya cikin tsarinmu: ruwan Ringa mililita 100 a kowane kilo ga babban da ya bushe sosai, 30 a rabin awar farko, 70 a awa biyu da rabi masu zuwa, da haɗin kulorin kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, kashi 2 na amai da bayan gida.

Inda muka gaza ma sai mu faɗa. Ƙoda zama kaɗan ta samu, yawanci kan gubar sibga (baƙin rinin gashi) da ake gauraya wa lalle, mai kumbura wuya da harshe da mai da fitsari kalar shayi. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da cututtukan gaɓoɓi, da na jini, kusan ba mu taɓa su ba, don ba mu sami malamin da zai tsaya mana a kai a kai ba, karatu ta waya kuma intanet ta sha katse shi. Su za mu sa a gaba bana, muna kuma roƙon yayyenmu da suka gama imtiyaz kowa ya ɗauki zama ɗaya a wata. Masu riƙe da na'urorin awon hawan jini da gudumar gwiwa na ƙungiya su dawo da su wajen sakatare kafin sababbin ɗalibai su shiga ambar.