Aikin nas na yawo a Amurka: tafiya da ƙawa akwai daɗi, amma kowa da kwantiraginta

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana ma'aikatan jinya, musamman mata, waɗanda suka shigo Amurka da waɗanda ke ta shirin tahowa, saboda kwanakin nan duk wadda ta kira ni zancen ɗaya ne, wai ita da ƙawarta za su shiga aikin nas na yawo tare su zaga jihohi su tara dala. Ba laifi, nima na taɓa shi kuma ban ƙi shi ba, sai dai akwai abubuwan da ba a faɗa musu.

Ga wanda bai san aikin ba, asibitin da ma'aikata suka yi wa ƙaranci ne ke ɗaukar nas ta wucin gadi ta hannun kamfanonin dillancin aiki irin su Aya Healthcare da AMN, yawanci sati 13, duti uku a sati kowanne awa 12, in ya ƙare ko a ƙara miki ko ki tattara ki yi gaba. Lokacin korona, wajen 2021 zuwa 2022, kuɗin ya yi tashin gwauron zabi, kuma labarin wancan lokacin ne har yanzu yake yawo a wayoyin mutane, alhali farashi ya sauko tuni. Har gobe ya fi albashin zama wuri ɗaya a wurare da yawa, amma ba irin yadda ake zuzutawa ba.

Tafiya da ƙawa kam wallahi rahama ce. Ku raba kuɗin haya, mota ɗaya ta ishe ku in dutinku ya zo daidai, ku karɓi juna a tuƙi in tafiyar ta kwana biyu ce. Ki dawo daga dutin dare ƙarfe takwas na safe ƙafa ta kumbura, ƙanƙara ta rufe ƙofar gida, ki tarar ta bar miki tuwon semo da miyar kuka a kan murhu ta tafi nata aikin, ai wannan ba abin da kuɗi zai saya ba ne. Ga azumi, a ƙaramin garin da sai kun yi tuƙin awa biyu kafin ku ga masallaci ko mai naman halal, samun wadda za ki yi sahur da ita ba ƙaramin abu ba ne. Su ma iyaye da mazaje hankalinsu ya fi kwanciya in sun ji ba ke kaɗai ba ce.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Dillalin kamfani zai iya tura takardunku tare, zai ma ce muku kar ku damu, amma ba shi ke ɗauka ba, shugabar sashen asibitin ce, kuma ɗai-ɗai take ɗauka. Kowacce da takardarta da sa hannunta. Asibiti yana iya soke kwantiragin ɗaya a tsakiyar wa'adi don marasa lafiya sun ragu ko sun samu ma'aikaciyar dindindin, ya bar ɗayar, kuma ba ruwansa da cewa kun kama gida mai ɗaki biyu na wata uku. Na ga ƙawaye biyu da hakan ta faru da su, wadda aka sallama ta ce ita fa ba ta da abin biya tunda ba ta aiki, wadda ta rage ta ce ai da bakinki kika ce mu kama babban gida, abotar da aka faro tun makarantar koyon jinya ta zo ta lalace a kan kuɗin haya na sati shida. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, shi ya sa nake cewa tun kafin ku biya kafin alƙalami ku zauna ku yanke, in an sallami ɗaya wa zai biya, nawa, har zuwa yaushe, kuma ku rubuta ko da a WhatsApp ne. Mu kunya ke cutar mu, sai a ga kamar maganar kuɗi da aminiya rashin yarda ne. Ku nemi gidan da ake biya wata-wata, irin waɗanda ake samu a shafin intanet na neman gidan haya, Furnished Finder, ko da ya ɗan fi tsada.

Sai maganar alawus, wadda ita ce mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Albashin kashi biyu ne, kuɗin awa da ake cire wa haraji, da alawus na masauki da abinci da ba a cirewa, kuma wannan na biyun ne mai tsoka. Amma hukumar haraji ta IRS ba ta yafe shi sai in kina da gidanki na asali da kike ci gaba da biya a can inda kika fito, wato kina biyan wuri biyu. In kun saki gidajenku duka kun zuba kaya a mota, to alawus ɗin ya zama abin biyan haraji. In kuma kuna zaune gida ɗaya a wurin aikin, kowacce sunanta ya fito a takardar haya, ta biya rabonta ta banki ta ajiye shaida, kar ɗaya ta riƙa biya ɗaya na miƙa mata a hannu. Kuma in kika wuce shekara a yanki ɗaya, IRS ta daina kallon ki a matsayin baƙuwa, alawus ɗin ya shiga haraji.

Lasisi ma sai kun duba. Jihohi da yawa kamar Texas da Florida suna cikin yarjejeniyar da lasisi ɗaya ke aiki a dukansu, amma Kalifoniya ba ta ciki, sai kin nemi nata daban, ga shi kowa can yake so saboda dokarsu ta ƙayyade wa nas yawan marasa lafiya, biyu a ICU, wato sashen masu tsananin ciwo, biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari. In ɗaya ta samu lasisi, ɗayar tana jira, shiri ya wargaje. Kuma kar ku sa rai za ku riƙa aiki kafaɗa da kafaɗa, baƙuwar nas ita ake fara turawa wani sashe in an rasa hannu, sannan ana iya ba ɗaya dutin rana, ɗayar dutin dare, ku yi sati ba ku haɗu ba sai a bakin ƙofa.

'Yan'uwa da ke gida kuma, kar wani ya karɓi kuɗinku da sunan zai kai ku wannan aikin kai tsaye daga Kano ko Kaduna. Sai kin ci jarabawar NCLEX ta samun lasisin jinya a Amurka, an tantance takardunki, kin samu biza, sannan kin yi shekara ɗaya ko biyu a sashenki, don horon da asibiti ke ba baƙuwa bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba sai a miƙa mata marasa lafiya. Wadda kamfani ya ɗauki nauyin zuwanta ma yawanci akwai shekarun da ta sa hannu za ta yi musu, in ta fita da wuri akwai tara, don haka ta fara karanta waccan takardar tukuna.

Na gode Edita, a gaida mutanen gida.

'Yar'uwarku nas, daga Amurka