Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram kan lafiyar bakin tsofaffinmu

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ranka ya daɗe, mu ne 'ya'ya da jikoki masu jinyar iyayenmu tsofaffi a unguwannin Birni, Zango da Garin Malam. Mun kawo kukanmu kan abin da kowane gida ya sani amma ba a ɗauke shi ciwo ba. Tsohuwa za ta goge baki da aswaki, jini ya biyo daga dasashi, haƙori yana girgiɗi har ya faɗi, a ce ai tsufa ne. Daga nan sai ta bar nama, ta bar tuwo, ta koma kunu da fura kaɗai, tana ramewa. In an jima ta fara manta raka'ar da take ciki, tana kiran jika da sunan wanda ya rasu, nan ma a ce ruɗin tsufa ne, a yi haƙuri.

Likitoci sun gano waɗannan abubuwa biyu suna tafiya tare. A shekarar 2019 masu bincike sun samu ƙwayar cutar da ke ruɓar da dasashi a cikin ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da cutar mantuwa ta Alzheimer. A 2021 kuma masana a jami'ar New York ta Amurka suka haɗa bincike 14 da ya shafi mutum sama da 34,000, suka ga wanda ya rasa haƙora da yawa ya fi shiga haɗarin raunin tunani, kuma haɗarin bai kai haka ba ga waɗanda aka sanya wa haƙoran roba. Dasashin da ya daɗe a kumbure yana sakin ƙwayoyin cuta cikin jini, wanda ba ya iya tauna kuma ba ya samun abinci mai gina jiki. Ba mu ce ciwon baki shi kaɗai ke kawo mantuwa ba, domin mai mantuwar ma yakan daina wanke bakinsa, sai abin ya ƙara lalacewa. Amma ciwon baki yana da magani, kuma mai sauƙi ne idan an tare shi da wuri.

Talaka ba ya zuwa wurin likitan haƙori sai kunci ya kumbura barci ya gagara. Kafin nan an gwada kanumfari, an gwada ƙwayoyin 'yan tebur, wani ma an kai shi wurin mai cire haƙori a kasuwa, da ƙarfen da ba wanda ya san ko an tafasa shi. Masu ciwon sukari su suka fi shan wahala, don su dasashinsu ya fi saurin lalacewa.

Shi ya sa muke roƙon Mai Martaba, wanda maganarsa ke shiga inda tamu ba ta kai ba, ya umarci limamai su taɓo wannan batu a huɗubar Juma'a. Aswaki sunna ne, ba sai an sha wahalar shawo kan kowa ba. Abin da ya rage a gaya wa 'ya'ya su riƙa duba bakin iyayensu, su goge wa wanda hannunsa ko hankalinsa ya gaza, kuma jini daga dasashi dalili ne na zuwa asibiti.

Muna kuma roƙon Sarki ya isar da kukanmu ga Gwamnan jihar Zinder da hukumomin lafiya, a ware ranakun duba bakin tsofaffi kyauta a asibitocin unguwanni, masu unguwa su yi shela, a kuma sassauta kuɗin haƙoran roba. Tun 2006 ƙasarmu ta yafe kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5, muna fatan a tuna da kakanninsu. Mu kuma mun ɗauki alkawarin kawo tsofaffinmu da kanmu duk ranar da aka sanya.

Allah ya taimaki Sarki.

Daga talakawanka masu jinyar iyaye, birnin Zinder.