Wasiƙa daga Aboabo, Kumasi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya zafin Kano? Ka tambayi jikin ƙanena. Da sauƙi, alhamdu lillahi, amma da sauran aiki.

Da okadarsa ya faɗi a hanyar Asawase, hular kwanon kuwa tana rataye a hannun babur. Ya tashi da ƙafarsa, ya kakkaɓe wando, har ya dawo gida ya ci tuwo. Cikin dare sai amai, sai barci mai nauyi, ana girgiza shi ba ya farkawa. A asibitin Komfo Anokye hoton CT ya nuna jini ya taru tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, aka yi masa aiki. Likita ya ce wannan lafawar ta 'yan sa'o'i ita ke yaudarar mutane, jinin yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa.

Ɗinkin ya warke, gashi ma ya rufe wurin, shi ya sa masu zuwa dubiya suke cewa ya miƙe. Mu da ke kwana da shi mun san ba haka ba ne. Zai aza ruwan shayi ya mance. Hayaniyar yara tana sa shi toshe kunne, kuma mutumin da ka sani da sanyin hali yanzu abu kaɗan ke harzuƙa shi, daga baya ya zauna yana kuka. Wasu a zango har sun fara cewa iska ce. Addu'a kam ba mu daina ba, amma rauni ne a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai riƙe fushi da tunani. Matarsa, Allah ya saka mata, ta saya masa ɗan littafi, komai a rubuce, daga lokacin magani har ranar komawa asibiti.

Yanzu bayan sallar Juma'a nakan tsaya wurin 'yan okada da masu pragya, wato keke mai ƙafa uku irin a-daidaita-sahunku, ina yi musu nasiha su riƙa sa hular kwano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano, in an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har zuwa kashi 74 cikin ɗari. Su kuwa sai su ce zafi. Zafi!

Abokan ƙanen nawa sun janye ƙafa, abin yana damunsa. Don Allah ka riƙa kiransa da safe, lokacin kansa ya fi sakewa. Ka faɗi sunanka tun farko, kada ka ce masa "ka gane ni?", kuma kada hirar ta yi tsawo.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na Aboabo