A Shirya Ɗalibai Kafin a Kai Su Kallon Wasan Dandali

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mu ja hankalin 'yan'uwanmu malaman sakandare na Zariya da kewaye. Sau da yawa akan loda ɗalibai a bas a kai su Samaru kallon wasan kwaikwayo a dandalin Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina da ƙasa, wanda aka fi sani da Drama Village, ba tare da wani shiri ba. Yaran nan da fim ɗin waya suka tashi, inda kyamara ke zaɓar musu abin kallo. A dandali babu mai zaɓar musu, abin da ya wuce kuma ya wuce. Shi ya sa suke komawa surutu da dariya a inda ba a dariya.

Darasi uku, kowanne na minti 40, sun wadatar. A na farko, kada malam ya cika allo da taƙaitaccen labari, kada kuma ya faɗi ƙarshensa. Ya ba da rikicin kawai: wane ne ke son me, wa ya tare masa hanya. Sai ya raba aji rukuni-rukuni, mutum shida-shida, domin in sun haura haka biyu ne za su yi aikin, sauran su zuba ido. Kowane rukuni ya sami minti biyar ya shirya hoton rikicin da jikinsa, a daskare, babu magana babu motsi, 'yan aji su ce me suka gani. A nan yaro ke gane cewa wanda ya durƙusa da wanda ya juya baya sun riga sun yi magana. In bencinan aji ba sa ɗaguwa, a fita gindin bishiya.

Darasi na biyu shi ne ya fi wuya. A ajiye kujera a gaba, ɗalibi ya zauna a matsayin ɗaya daga cikin taurarin wasan, a yi masa tambayoyi na minti uku, ya amsa da bakin tauraron. Abin da ke ɓata shi, masu baki suna kame kujerar su mai da ita wurin barkwanci. Maganinsa a rubuta tambayoyi tun farko, a kuma yi ƙuri'ar wanda zai zauna a kujerar. 'Yan mata masu kunya a bar su su fara a rukuninsu. Wanda ya ce bai iya ba, a tuna masa tashen azumi: yaron da ya manna gemun auduga ya dogara sanda ya san kwaikwayo tun kafin ya ji sunansa a aji.

Na uku na ladabin kallo ne: a kashe waya, ba a shiga ko fita ana tsakiyar fitowa, wato sashen wasa. Kowa a ba shi aiki guda, wannan ya bi kiɗa, wancan tufafi, wani kuma ya lura da ƙofar da kowane ɗan wasa ke shigowa ta ciki.

Muna roƙon masu shirya wasanni a jami'a su riƙa aiko wa makarantu shafi ɗaya mai sunayen taurari da tsawon wasan, mako biyu kafin ranar. Shugabannin makarantu kuma su nemi izinin iyaye a rubuce, su tsara tafiya yadda sallar magariba ba za ta riski yara a hanya ba. In lokacin hunturu ne a ce su zo da rigar sanyi, domin tsakar dandalin a buɗe take.

Wassalam,
Wasu malaman adabin Hausa, Tudun Wada, Zariya