Ɗan Ganyen Da Muke Kwashewa Daga Ruwan Shinkafa Taki Ne

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana manoman shinkafa na fadamar Rima, tun daga Wurno har Kwalkwalawa. Akwai wani ɗan ganye da ke lulluɓe ruwan fangali lokacin noman rani. Da yawanmu gansakuka muke ce masa, mu sa yara su kwashe da kwando su zubar, wasu ma su feshe shi da maganin ciyawa. Shekara da shekaru haka nake yi.

Bara ɗana da ke karatun aikin gona ya ɗebo shi a tafin hannu ya ce, "Baba, duba da kyau." Na duba. Ganyen ƙanana ne, sun hau juna kamar ɓawon kifi, saiwoyinsa siri-siri suna reto kamar zare, kuma sanyin hunturu ya sa gefensa ya yi ja. Ba kainuwa ba ce. Sunansa azola, dangin tsirran nan ne da ba su fure, ba su 'ya'ya, da wata ƙura mai kama da gari suke yaɗuwa. A cikin ganyensa wasu ƙwayoyin halitta ke zaune, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska, wato abin da muke saye da tsada a buhun yuriya. Manoman Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna renonsa a gonakin shinkafa. Cikin 'yan kwanaki yake ninka kansa, ya tare wa ciyawa hasken rana, in an tattake shi cikin laka ya ruɓe ya zama taki. Agwagina kuwa har rububinsa suke yi.

Gaskiya yana da rauni: zafin bazarar Sakkwato na ƙona shi. Sai an haƙa ɗan rami a inuwar darbejiya, a zuba ruwa da ɗan kashin shanu a ajiye iri. In ya yi kauri kuma yana danne sabon dashe, dole a rage.

Roƙona ga malaman gona da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su sauko fadama su nuna mana renonsa da Hausa, a rediyo ma. Ni dai bana na ware fangali biyu, na hana kowa taɓa ruwansu, kuma duk mai son iri ya zo da bokitinsa.

Wassalam.

Wani manomin shinkafa,
Kwalkwalawa, Sakkwato.