Wasiƙa daga Siyatil: na haɗu da dangin aya a kurmin Turawa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Baba. Ya ruwa a Haɗeja? Mu nan Siyatil, a jihar Washinton ta Amurka, yayyafi ba ya ɗaukewa.

Ka san ni da ciyawa. Akwai wani kurmi cikin wurin shaƙatawa na unguwarmu, rafi ya ratsa ta tsakiyarsa. Rannan ina wucewa na hangi wata ciyawa ta yi dandazo a gaɓar rafin, a inuwar da ko rana ba ta leƙawa. Na kama karanta na murza tsakanin yatsu, sai na ji kusurwa uku. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Ai wannan dangin aya ce da kajiji! Sai dai ta fi su girma nesa ba kusa ba. Karan furenta kan kai mita 2, ga zangarniya siririya tana reto ƙasa kamar jelar ɓera.

Murnata ba ta je ko'ina ba. Ashe ita ma baƙuwa ce. Sunanta na kimiyya Carex pendula, asalinta Turai da Arewacin Afirka da yammacin Asiya. Masu lambu suka kawo ta Amurka don ado, ta tsallake shinge. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubbai, ruwa ya kwashe ya shuka a gaba, har ta danne tsirran asalin wurin. Yanzu jihar Washinton ta sa ta cikin jerin ciyayin da ake yaƙa. Kai da ka ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja zuwa Nguru, ba sai na yi maka dogon bayani ba.

Asabar da ta wuce na bi 'yan sa-kai muka je haƙe ta. Aikin ba irin na aya-aya ba ne, wadda ka tuge ta yau, 'ya'yan da ta bari a ƙasa su tashi gobe. Wannan dunƙule take, in ka sa cebur ka ɗago tushen gaba ɗaya, ka gama da ita, sauran irin da ya riga ya zuba. Zangarniyar muke fara yankewa mu zuba a buhu. Ni kuwa garin rawar jiki na haƙe wata 'yar gida mai kama da ita, wadda mutanen asalin yankin ke saƙa kwando da ganyenta. Wata dattijuwa ta nuna mini saiwarta mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, ta sa na mayar na binne. Kunya kamar na nitse.

Gefen ganyen ya tsaga mini yatsa, don na cire safar hannu. Ya warke.

In ka samu mai tahowa, ka aiko mini da aya busasshiya ko mudu ɗaya, na yi kewar kununta. Amma ka bari in fara tambayar ko kwastan za su bar ta ta shigo.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Amininka na Siyatil